Kundin aikin jagorar dukiya a wasan Age of Empires II

6 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin da na sa a gaba yake tafiya, wato rubuta jagora da Hausa a kan tara dukiya da kashe ta a wasan dabarun yaƙi na Age of Empires II, wanda kamfanin Ensemble Studios ya ƙirƙira, Microsoft ya fitar a 1999, aka kuma sake fito da shi a sabon zubi a watan Nuwamba na 2019. Abin da ya jawo aikin shi ne tambayar da ɗan yayata ya yi mini a hutun ƙarshen shekara. Yana zaune kusa da ni yana kallo har kwamfuta ta rushe mini gari, sai ya nuna saman allo ya ce, "Kawu, ga itace har 2,000 a ajiye, me ya sa ba ka yi komai da shi ba?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ba ni da wadda za ta gamsar da ni kaina, duk da shekarun da na yi ina buga wasan.

Dukiyar wasan iri huɗu ce: abinci, itace, zinariya da dutse. A wasan da aka saba bugawa, mutum yana farawa da abinci 200, itace 200, zinariya 100 da dutse 200, tare da ma'aikata uku da ɗan leƙen asiri ɗaya a kan doki. Ma'aikatan nan na yanke shawarar kiran su talakawa a cikin jagorar, domin su ne masu noma, su ne masu saran itace, su ne masu haƙar ma'adinai da gini, kuma a kan guminsu rundunar take tsayawa. Babban ginin da ake samar da su na kira shi cibiyar gari. Zamunan wasan huɗu kuwa na bar su a zamani na ɗaya zuwa na huɗu, sai dai na ukun da nake kira Zamanin Kagara, tun da a cikinsa ake samun damar gina kagarar dutse.

Na kafa wa kaina sharaɗi guda: ba adadin da zai shiga jagorar sai wanda na gani da idona a cikin wasan. Na kuma ɗora wa kaina gwaji, shi ne in kai Zamanin Kagara kafin minti 17 na agogon wasa a taswirar wasan da ake kira Arabiya, domin wanda bai iya aikata abu ba bai kamata ya rubuta wa yara yadda ake yin sa ba.

13 ga Janairu, 2024

Makon nan gaba ɗaya ya tafi a kan abinci, kuma babin farko ya kusa kammaluwa. Talaka ɗaya abinci 50 ne, kuma cibiyar gari tana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ta fito da shi. Ma'anar wannan ita ce gari yana bukatar abinci 2 a kowace daƙiƙa idan ana so cibiyar ta yi ta aiki ba tsayawa. Mai fiɗar tunkiya yana tara kusan kashi ɗaya cikin uku na abinci guda a daƙiƙa, saboda haka mutum shida ne ke riƙe cibiya ɗaya. Na daɗe ina jin masu wasan suna cewa a fara da mutum shida a kan tumaki, ina bi ba tare da na san dalili ba, sai a makon nan da na zauna da biro da takarda na ga inda shidan ta fito. Wannan lissafin zan sa a shafin farko, domin yaron da ya gane shi ba zai bukaci haddar komai ba.

Tunkiya tana da abinci 100, barewa 140, kowace bishiyar 'ya'yan itacen daji 125, aladen daji kuwa 340. Naman dabbar da aka yanka yana raguwa da kansa ko ba a taɓa shi ba, don haka yanka tumaki biyu a lokaci guda asara ce, kuma na ga talakawana suna yin hakan duk lokacin da na bar garken ya taru a gindin cibiya. Yanzu tunkiya ɗaya nake turawa ƙarƙashin ginin, ta biyu tana jira a ɗan nesa.

Jawo aladen daji shi ne abin da ya fi ba ni wahala. Ana tura talaka ɗaya ya harbe shi, sannan ya juyo da gudu zuwa cibiyar gari dabbar tana bin sa, sauran su tare ta su kashe ta a inda ba sai an yi tafiya da naman ba. Sau biyu a cikin wasa bakwai na rasa talakan, duka biyun saboda na ɗauke ido na tafi gina gida. Akwai binciken saƙa da ake yi a cibiya da zinariya 50, wanda ke ƙara wa talakawa ƙarfin jure sara, amma shi ma yana cin daƙiƙa 25 na lokacin cibiyar, wato daidai da talaka guda. A jagorar zan ba mai koyo shawara ya yi shi da wuri duk da haka, domin jinkirin talaka ɗaya ya fi sauƙi a kan mutuwarsa.

20 ga Janairu, 2024

Aiki bai yi nisa ba a makon nan, saboda wuta ba ta zauna ba, batirin kwamfutar kuma ba ya wuce minti arba'in. Wasa uku kawai na buga. A cikin biyu na manta da gina gida a kan lokaci: gida itace 25 ne, yana ɗaukar mutum biyar, kuma idan gidaje suka cika cibiyar gari tana tsayawa cik ko da abinci ya yi yawa. Na rubuta a takarda na manna a gefen allo cewa duk sanda saura gurbi biyu, a kafa gida.

28 ga Janairu, 2024

Na zauna na lissafa iyakar saurin da za a iya yi idan ba a yi kuskure ko ɗaya ba, domin in san nisan da ke tsakanina da shi. Daga talakawa 3 zuwa 26 ana bukatar sababbi 23, kowanne daƙiƙa 25, jimla daƙiƙa 575. Idan aka haɗa da binciken saƙa, minti 10 ke nan cif. Shiga zamani na biyu yana cin abinci 500 da daƙiƙa 130, kuma sai an riga an gina biyu daga cikin gine-ginen zamani na ɗaya, kamar maniƙa, inda ake kai abincin da aka tara, da matattarar itace, waɗanda kowannensu itace 100 ne. Da an shiga, sai a fito da talakawa biyu a daƙiƙa 50, a daidai lokacin ana gina kasuwa da itace 175 da maƙera da itace 150, domin su ne gine-gine biyun da za su buɗe hanyar gaba. Zamanin Kagara yana cin abinci 800 da zinariya 200 da daƙiƙa 160. Idan aka tara duka, minti 15 da daƙiƙa 40 ke nan.

Mafi kyawun abin da na yi zuwa yau shi ne minti 19 da daƙiƙa 50. Na koma na kalli wasan da na naɗa daga farko har ƙarshe, ina tsayar da shi ina rubutu, domin in gano inda minti huɗun nan suka shiga. Ban same su a wuri ɗaya ba. Daƙiƙa 20 sun tafi lokacin da abinci ya gaza 50 bayan tunkiya ta huɗu, wasu 30 a kan gidan da na makara, sannan kusan minti biyu cur na yi ina jiran abinci ya cika 800, alhali a wannan lokacin itace 460 yana zaune a ajiye. Gona itace 60 ce, tana ba da abinci 175. Da na mai da itacen nan gonaki tun minti uku kafin nan, da abincin da nake jira ya riga ya shigo.

A nan ne na fara samun amsar tambayar yaron. Mun tashi da jin cewa ajiya maganin wata rana, kuma a rayuwa gaskiya ne, shi ya sa hannuna yake nauyin kashe abin da na tara, ganin adadin yana hawa a saman allo yana sa mini kwanciyar hankali. Amma a wasan nan itacen da ke ajiye ba ya haihuwa, ba ya kare gari, ba ya noma. Talakan da ba a inganta masa gatari ba yana shafe sama da minti huɗu kafin ya tara itace 100, don haka itace 460 da ke zaune aikin mutum ɗaya ne na kusan minti ashirin da aka yi shi a banza. Karin maganar da ta dace da wannan wuri ita ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ita na sa a kan babi na biyu.

Wani abin da na lura da shi a kallon shi ne tafiyar masu saran itace. Talaka yana ɗaukar itace 10 ne kawai a lokaci guda, sannan ya kai matattara ya dawo. Kowace bishiya itace 100 ce, kuma yayin da na bakin daji suke ƙarewa, tafiyar tana ƙara tsawo ba tare da mutum ya ankara ba. Na ga wata mata a cikin talakawana tana zagaye bishiyoyi biyar da kayanta a kai kafin ta isa matattarar, ta dawo ta samu wani ya tsaya a gurbinta. Sabuwar matattara a jikin dajin itace 100 ce, kuma a ganina tana biyan kuɗinta cikin 'yan mintoci idan masu saran sun kai takwas.

10 ga Fabrairu, 2024

Yaron ya zo ƙarshen mako, ya kawo mini wayarsa domin in ga garinsa a Clash of Clans, wasan da kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012. Na ga ya dace in sa gajeren babi a kansa, tun da yawancin waɗanda za su karanta jagorar ta wayar hannu suka fara sanin irin waɗannan wasanni. A can ma akwai zinariya, akwai wani ruwa mai launin shunayya da na fassara da tsimi, akwai baƙin tsimi da ke buɗewa idan babban zauren gari ya kai mataki na 7, sannan akwai lu'ulu'u kore, wanda ake iya saye da kuɗin gaske.

Bambancin da ya fi jan hankalina shi ne abin da lu'ulu'un yake saye. A Age of Empires II lokaci yana cikin hannun mai wasa, gwaninta ce ke rage shi. A Clash of Clans an ɗora wa kowane gini agogo, daga mintoci a farko har zuwa kwanaki idan gari ya girma, kuma lu'ulu'u yana share agogon nan take. Maginan gari su ne ainihin abin da ke ƙayyade saurin ci gaba, domin kowane magini aiki ɗaya yake riƙewa. Bukkar magini na uku lu'ulu'u 500 ce, ta huɗu 1,000, ta biyar 2,000. Ana samun lu'ulu'u kyauta ta hanyar share bishiyoyi da duwatsun da ke tsirowa a fili, da akwatin da ke fitowa lokaci zuwa lokaci mai ɗauke da 25, da kuma ladan cika wasu ayyuka.

Na tambaye shi nawa ya tara, ya ce 60 kawai suka rage masa, domin duk sanda gini ya rage awa ɗaya ko biyu sai ya gaji da jira ya ƙarasa shi. Na ce masa, "Kai da ka kama ni da laifin ajiya, ga shi kai kuma rashin ajiya ya hana ka magini na uku." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, wanne ne daidai?" Tambayar ta sa na gyara abin da na rubuta a babi na biyu, domin yadda na tsara shi da farko yana iya sa yaro ya ɗauka cewa kowace ajiya kuskure ce. Wanda ke tara abinci 800 domin shiga Zamanin Kagara ajiya yake yi, wanda ke tara lu'ulu'u 500 domin magini ma haka, kuma dukansu sun san adadin da suke nema da abin da za su saya. Ajiyar da ke kashe gari ita ce wadda mai ita bai san me yake jira ba. A wasan wayar ma zinariya da tsimin da aka bari a rumbu su ne abin da maharan wasu garuruwa ke zuwa kwasa.

18 ga Fabrairu, 2024

Gwajin kasuwa ya ɗauki kwana uku, kuma shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa zuwa yanzu. Na buɗe wasa ni kaɗai da abokin hamayya mafi rauni, na gina kasuwa, na yi ta saye da sayarwa ina rubuta farashi. Ana ciniki ne ɗari-ɗari, kuma zinariya ce kuɗin da komai ke bi ta kansa. Ba a musanya itace da abinci kai tsaye. A farkon wasa, wanda ya sayar da itace 100 ko abinci 100 zai karɓi zinariya 70, wanda zai saya kuma zai biya 130. Dutse ya fi tsada, ana sayar da shi 91, ana sayen sa 169. Tazarar nan ta fito ne daga la'adar kashi 30 cikin ɗari da kasuwa ke cirewa ta kowane ɓangare.

Kowace sayarwa tana sauke farashin kayan, kowane saye yana ɗaga shi, kuma farashin na kowa ne, wato idan abokin gaba ya zubar da itace a kasuwarsa, ni ma nawa ya faɗi. Na ci gaba da sayar da itace har farashin ya tsaya a zinariya 14, daga nan bai ƙara sauka ba. A zamani na huɗu akwai binciken ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke rage la'adar zuwa kashi 15. Al'ummar da wasan ke kira Saracens, wato Larabawan zamanin Salahuddin, kashi 5 kawai ake cire musu, abin da ya sa kasuwa ta zama musu kamar gona.

Ra'ayina a kan kasuwa ya sauya a cikin kwanakin nan. Da ina ganin shiga kasuwa alamar gazawa ce, domin wanda ya raba talakawansa daidai ba zai bukace ta ba, kuma har yanzu ina ganin wanda ya mai da ita abin dogaro yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na gumin mutanensa. Sai dai idan kuskuren ya riga ya faru, itace ya taru abinci ya gaza, to asarar la'ada ta fi sauƙi a kan asarar duka, kuma ta fi sauƙi a kan tsayuwar cibiyar gari na minti biyu. A wasan da na buga daren jiya na sayar da itace 200 na sayi abinci 100 a daidai lokacin da nake da 710, na danna shiga Zamanin Kagara nan take, na isa a minti 17 da daƙiƙa 55.

Na kuma gwada dabarar sayar da dutse 200 da ake farawa da shi domin samun zinariyar shiga zamani na uku ba tare da tura kowa haƙa ba. Tana aiki, amma tana da farashi a gaba: sabuwar cibiyar gari itace 275 ce da dutse 100, kuma dutsen farkon nan an auna shi ne daidai cibiyoyi biyu. Wanda ya sayar da shi zai isa da wuri, ya tarar ba shi da abin faɗaɗa gari. Zan ambace ta a jagorar tare da wannan gargaɗi, ba zan sa ta cikin tsarin mai koyo ba.

25 ga Fabrairu, 2024

Babin zinariya da dutse ya kammala. Waɗannan biyun su ne dukiyar da ke ƙarewa a ƙasa ba ta dawowa: kowane tulin zinariya 800 ne, na dutse 350, kuma a taswirar Arabiya babban wurin zinariyar mai wasa tuli bakwai ne. Abinci kuwa ba ya yankewa muddin akwai itacen sabunta gona. Wannan ne ya raba mayaƙan wasan gida biyu. Barde mai sulke abinci 60 ne da zinariya 75, ɗan baka itace 25 da zinariya 45, amma ɗan mashi abinci 35 ne da itace 25, ba ya cin zinariya ko ɗaya. Idan wasa ya yi tsawo har ma'adinai suka ƙare, sai fagen ya koma hannun mayaƙa marasa zinariya, kuma a lokacin ne kayan tarihin nan masu tsarki da masu zuhudu ke ɗaukowa su kai gidan ibada suke nuna amfaninsu, domin kowanne yana zubo zinariya 30 a minti ba tare da an sa masa ma'aikaci ba. Guda uku a hannu sun kai zinariyar barde ɗaya da 'yan canji a kowane minti har ƙarshen wasa.

Kagara dutse 650 ce, wato kusan tuli biyu. Na daɗe a kan sakin layin da ke bayanin ko mai koyo ya fara da kagara ko da ƙarin cibiyoyi, na ƙare a kan cibiyoyi, saboda cibiya tana haifar da talakawan da za su haƙo dutsen kagarar, ita kuwa kagara ba ta haifar da mai noma.

Al'ummar da zan ba mai koyo shawarar ɗauka ita ce ta Mali, wadda aka ƙara a 2015 tare da Habasha da Barbar da Fotugal. Gine-ginensu suna da rangwamen itace kashi 15 cikin ɗari, ban da gonaki, don haka matattarar itace 85 ce a wurinsu, kuma wannan ɗan sauƙin yana rufe wa mai koyo ƙananan kurakuransa na mintocin farko.

3 ga Maris, 2024

Ban yi niyyar taɓa Age of Empires III ba, amma ba zai yiwu a rubuta jagora da Hausa a kan wannan jerin wasanni a tsallake shi ba, domin a ranar 2 ga Agusta, 2021 aka fitar da ƙarin da ya shigo da Hausawa da Habashawa a matsayin al'ummomin da ake bugawa. Jagorar Hausawa a wasan ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, babban birninsu Kano, kuma cikin mayaƙansu akwai 'yan lifidi, da maharban Fulani, da wani da aka bar masa sunansa na Maigadi. Na yi kwana biyu ina buga shi a kwamfutar wani abokina, tun da tawa ba ta ɗaukar sa da kyau.

Tsarin dukiyarsa daban ne. Babu dutse, sai abinci da itace da tsabar kuɗi, kuma talakawa ba sa kai kaya matattara, abin da suka tara yana shiga asusu kai tsaye. Al'ummomin Afirka biyun an ba su dukiya ta huɗu wadda ba a sara ba a haƙa, ana samun ta ne daga mallakar shanu, da riƙe zangon fatauci, da ƙawance da mutanen ƙasa, da kuma jami'ar da Hausawa ke ginawa kusa da manyan gine-ginen gari. Da ita ake ɗaukar sojojin haya da na ƙawaye. Na fara fassara ta da tasiri, daga baya na soke na rubuta faɗa-a-ji, domin ita ce kalmar da Bahaushe zai yi amfani da ita ga mutumin da garkensa da baƙinsa da malaman ƙofarsa suka sa maganarsa take da nauyi. Akwai kuma kasuwar dabbobi inda ake sayar da sa a karɓi itace ko kuɗi, kuma farashin yana sauka bayan an sayar, sannan ya farfaɗo a hankali. Wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya ga yadda dillalai ke karya farashi idan shanu sun yi yawa ba zai bukaci dogon bayani ba. Abin da ya burge ni shi ne a nan saniyar da aka bari a tsaye tana aiki, tana ƙiba tana kuma jawo faɗa-a-ji, saɓanin itacen da ke zaune a ajiye a wancan wasan. Sharaɗina na adadi ya hana ni sa lambobi a wannan babi, tun da kwana biyu ba su isa in tabbatar da su ba, don haka bayanin tsari kawai na rubuta, shafi ɗaya da rabi.

9 ga Maris, 2024

Da safiyar yau na isa Zamanin Kagara a minti 16 da daƙiƙa 48, da al'ummar Mali, ba tare da na shiga kasuwa ba. Na kalli naɗin sau biyu. Cibiyar gari ta tsaya na daƙiƙa 22 ne kawai a zamani na ɗaya, babu talakan da ya mutu, kuma lokacin da na danna shiga zamani na uku itacen da ke hannuna 40 ne. Abin da ya kawo bambancin shi ne na fara kafa gonaki tun aladen daji na biyu bai ƙare ba, ɗaya bayan ɗaya duk sanda itace ya kai 60, sannan na tura mutum uku kan zinariya ana cikin shiga zamani na biyu. Na sake gwadawa da yamma na samu minti 17 da daƙiƙa 20, saboda tumaki biyu na ƙarshe sun ɓace mini a bayan daji, don haka ba zan ce hannuna ya zauna ba tukuna. Ina so in yi ƙasa da 17 sau biyar a jere kafin in rubuta tsarin a matsayin tabbatacce.

Babi biyar sun kammala: abinci, itace da gonaki, kasuwa, zinariya da dutse, da na wasannin biyu da na kwatanta. Saura babin fatauci tsakanin abokan ƙawance, inda amalanken fatake mai cin itace 100 da zinariya 50 yake kawo riba gwargwadon nisan kasuwar da ya je, kuma wannan sai na samu mutum na biyu mu gwada tare. Saura kuma binciken da ke ƙara saurin aiki, irin su gatari mai baki biyu da baro, waɗanda nake so in auna lokacin da kowannensu ke mayar da kuɗinsa. Na tura wa yaron babi biyun farko ta waya domin ya karanta ya nuna mini inda bai gane ba, ya dawo mini da tambaya a kan kalmar maniƙa, ya kuma sanar da ni cewa lu'ulu'unsa ya kai 310. Azumi na bakin ƙofa, saboda haka zan mai da gwajin zuwa bayan sallar asuba, wasa ɗaya a rana, in fara da auna baro.